Littafin Bashi

Sunansa ya riga shi isowa Ludlow,
yadda warin barasa ke rigan mashayi shiga ɗaki.
Lucius Farrant, in ji matar limamin coci,
ta rage murya, ta ɗaga gira:
gidan London ya tafi a teburin karta,
da dawakai huɗu, da agogon ubansa,
da mutuncin wata yarinya a Bath
wadda ba a sake gayyata rawa ba.

Ni ce mai riƙe lissafin gonakinsa
tun da teku ta ci mijina a yaƙin Faransa.
Aka ce ya tuba.
Na ce tuban muzuru, kaza a baki.
Na ƙara sakata a ƙofa.

Sanyin farko ya zo da safar hannu fara ƙal,
ya rusuna zai sumbaci yatsuna,
na ɗora masa littafin bashi a tafi.
Tela, fam tamanin.
Mai kyandir, sha ɗaya.
Mai wanki, shekara biyu tana jira, fam uku da sule bakwai.
Ya yi dariya irin ta mutanen birni.
Ban taya shi ba.
Dariyar ta tsaya ita kaɗai a tsakar ɗaki
har kunya ta fitar da ita.

Da ƙanƙara ta narke
ya sayar da kwat mai maɓallan azurfa.
Na zaci tela zai fara biya,
don shi ne mai baki a London.
Mai wanki ya fara.
Na ja layi a kan sunanta,
alƙalamin ya ɗan yi rawa, na ce sanyi ne.

Shekara ta biyu ya hau rufin tsoho Pugh
yana jera fale-falen dutse a karkace,
Pugh na ƙasa yana zaginsa, yana amsawa da to.
Ya rubuta wasiƙa zuwa Bath,
ba ta neman yafiya ba, ta ɗaukar laifi.
Ta dawo da hatiminta, ba a buɗe ba.
Ya sa ta a aljihun ƙirji.
Bai ce ta cika ƙulli ba.
Bai ce komai ba.

A daren rawar gari na sa rigata ruwan toka,
na shirya masa a'a tun daga gida,
na goge ta, na wasa ta.
Sai ya wuce ni, ya miƙa wa gwaggona kurma hannu.
Na koma da a'ata cikin keken doki,
tana min nauyi a cinya kamar tulu.

Ga abin da bai san na gani ba:
wani dare na Nuwamba, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
yana tsaye a ƙofar mashaya,
hannunsa kan mariƙi,
ana kiran karta a ciki, ana dariya.
Na ƙirga daga bayan labule har ɗari biyu.
Ya saki ƙofar yatsa-yatsa.
Ya juya gida, ba hula.

An ce hali zanen dutse.
Amma na ga matakalar cocinmu,
yadda tafin ƙafa ya cinye ta a hankali.

Sanyi na uku, shafi na ƙarshe.
Hannun da ya miƙo kuɗin duk kanta ne,
farce a fashe, warin tumaki.
Ya ce, Misis Orme, saura bashi guda,
ba ya cikin littafi, kuma ban isa in biya ba.
Na ce ban ba da rance ba.
Ya ce, Tabitha.

Kyandir ya yi gajere.
Na rufe tawada, na daɗe ina rufewa.
Na ce, tumaki na haihuwa, ka je ka duba,
ka dawo ranar Alhamis.

Daren nan na tsaya gaban ƙofa,
sakata biyu a gabana.
Ɗaya na sa.